Sahel ta ɗaga darajar harsunan gida: ina matsayin harshen yaran kurame?

A ƙarshen watan Maris na 2025 Jamhuriyar Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma suka koma harsunan aiki. Mali ta riga ta yin irin wannan sauyi a kundin tsarin mulkinta na 2023, inda harsunan gida 13 suka zama na hukuma, Burkina Faso ma ta bi sahu a ƙarshen shekarar. Ɗaya daga cikin hujjojin da masu goyon bayan sauyin suka fi kafawa ita ce ta makaranta: yaro ya fi saurin gane karatu idan an fara masa da harshen da ya iya. Nijar ba baƙuwa ba ce ga wannan magana, domin tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram.

Sai dai harsunan da aka lissafa a Yamai da Bamako duk na baki ne. Akwai yaran da ba sa jin Hausa ko Zabarmanci ko Bambara ko Faransanci, saboda kunnensu ba ya ɗaukar sauti. Harshen da zai iya shiga kansu kai tsaye shi ne wanda ake yi da hannu da fuska, ake karɓa da ido. Idan hujjar harshen uwa gaskiya ce ga yaro mai ji, ta fi ƙarfi a kan kurma. Mai ji da aka koyar da Faransanci yana wahala, amma a hankali kunnensa na sabawa. Kurman da aka koyar da baki, ko shekara goma zai yi a kan benci, sautin ba zai iso gare shi ba.

Yankin da sankarau ke barin tabo

Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa mutane miliyan 430 ne ke da raunin ji mai buƙatar kulawa, miliyan 34 daga cikinsu yara ne, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara na zuwa ne daga abubuwan da za a iya kauce musu. Tarayyar Kurame ta Duniya kuwa ta ce akwai kurame kimanin miliyan 70, fiye da kashi 80 cikin 100 suna ƙasashe masu tasowa.

Ƙasashen Sahel na da dalili na musamman na damuwa da waɗannan alƙaluma. Nijar, Chadi, Mali, Burkina Faso, arewacin Kamaru da arewacin Najeriya duk suna cikin zirin sankarau da ya taso daga Senegal ya kai Habasha. Annobar 1996 zuwa 1997 ta kama mutane kusan 250,000 a yankin, ta kashe kimanin 25,000. Allurar MenAfriVac da aka fara yi a Burkina Faso, Mali da Nijar a 2010 ta karya lagon nau'in A na cutar, amma wasu nau'o'in sun ci gaba da ɓulla. A 2015 nau'in C ya kama dubban mutane a Nijar. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar Men5CV mai kariya daga nau'o'i biyar.

Lissafin annoba yakan tsaya ne a kan waɗanda suka rasu. Amma OMS ta ce kusan mutum ɗaya cikin biyar da suka tashi daga sankarau mai tsanani na fita da tabo mai ɗorewa, kuma rashin ji na cikin waɗanda aka fi gani. Ga kuma ƙyanda, da hangum, da ciwon kunne mai ruwa da ba a yi wa magani ba, da wahalar haihuwa, da wasu magungunan da ke lalata ji. Ke nan kowane lokacin zafi da cutar ta ratsa wani gari, tana barin yaran da makarantar garin ba ta da shirin karɓarsu.

Shekarun da ba sa dawowa

Yaran kurame iri biyu ne a wajen malami. Akwai wanda ya kurumce yana da shekara shida ko bakwai, bayan ya riga ya iya magana. Shi yana da harshe a kansa, abin da ya rasa shi ne hanyar ci gaba da karɓar bayani. Akwai kuma wanda aka haifa kurma ko ya kurumce yana jariri. Binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban ya nuna cewa fiye da tara cikin goma na irin waɗannan yara iyayensu masu ji ne, ba su taɓa koyon maganar hannu ba. A gida sai a ƙirƙiri ƴan alamomi na ci da sha, zo da tafi, bari da kawo. Suna biyan buƙatar yau da kullum, amma ba su isa a ba da labari, ko a bayyana dalilin wani abu, ko a yi maganar jiya da jibi ba.

Masana harshe da likitocin yara sun daɗe da sanin cewa shekaru biyar na farko su ne lokacin da ƙwaƙwalwa ke kama harshe cikin sauƙi, na baki ne ko na hannu. Yaron da ya wuce wannan lokaci ba tare da cikakken harshe ba yakan ci gaba da fama da karatu da lissafi har girmansa, ko da basirarsa lafiya lau take. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da aka kai makarantar kurame yana da shekara tara ko goma, kamar yadda ake yawan gani, ranar ne zai fara koyon harshensa na farko, a daidai lokacin da ake so ya fara rubuta Faransanci.

Wasu iyaye da malamai na sa rai ga karanta leɓe. Abin yana da iyaka. Kalmomin bari, ɓari da mari kamanni ɗaya suke da shi a leɓe, haka nan pain, bain da main a Faransanci. Karin sautin Hausa, wanda ke bambanta ma'anar kalmomi da yawa, ido ba ya ganinsa. Na'urar taimaka wa ji tana amfani ga wasu yara, sai dai tana buƙatar gwaji, da batir, da gyara, da sauyawa yayin da yaro ke girma, kuma ƙwararrun da ke wannan aiki a manyan birane suke. Ko ga yaron da ya samu na'urar, harshen hannu ba ya rage masa komai, yana ba shi tushen da zai ɗora sauran.

Daga Paris zuwa Ibadan: yadda alamomin makaranta suka iso

Tarihin harshen da ake koyarwa da shi a makarantun kurame na yankin yana da ban mamaki. A wajajen 1760 wani limamin coci, Charles-Michel de l'Épée, ya buɗe makarantar kurame a Paris yana amfani da alamomi. A 1817 wani malami kurma daga wannan makaranta, Laurent Clerc, ya taimaka aka kafa makarantar Hartford a Amurka, daga nan harshen kuramen Amurka, ASL, ya samo wani babban ɓangare na asalinsa. Amma a 1880 taron malaman kurame na Milan a Italiya ya yanke cewa a koyar da baki kawai. Faransa ta bi wannan hanya kusan shekara ɗari. Sai a 1991 dokarta ta bai wa iyaye zaɓin koyarwa da harshe biyu, a 2005 kuma ta amince da harshen kuramenta, LSF, a matsayin cikakken harshe. Shi kansa taron malaman kurame na duniya sai a 2010, a Vancouver, ya janye matsayar Milan a hukumance.

Wannan na cikin dalilan da suka sa harshen hannu bai shigo makarantun ƙasashen rainon Faransa ta hannun Faransa ba. Ya shigo ne ta hannun Andrew Foster, wani baƙar fatar Amurka wanda sankarau ya kurumtar yana da shekara 11, kuma baƙar fata na farko da ya kammala digiri a Gallaudet, a 1954. Foster ɗan mishan ne. Ya buɗe makarantarsa ta farko a Accra a 1957, sannan Ibadan a 1960, daga baya ya shiga Cote d'Ivoire, Togo, Benin, Chadi, Kamaru, Burkina Faso, Senegal da wasu ƙasashe. Kafin rasuwarsa a hatsarin jirgin sama a Rwanda a 1987 ya kafa makarantu kusan 32 a ƙasashe 13, kuma a Ibadan ya horar da malamai da dama daga ƙasashe masu amfani da Faransanci.

Daga wannan aiki ne aka samu abin da ake kira LSAF, harshen kurame na Afirka mai amfani da Faransanci: alamomin ASL da aka karkatar zuwa Faransanci. Alamar ruwa, misali, a Amurka da siffar harafin W ake yin ta, a nan kuma aka mayar da ita E saboda kalmar eau. Shi ya sa alamomin ɗan makarantar kurame na Lome ko Njamena ko Yamai suka fi kusa da na Washington fiye da na Paris. A Kamaru lamarin ya ƙara sarƙewa, domin wasu makarantu na bin LSF, wasu na bin tsarin da ya fito daga ASL.

Amma kafin Foster ya sauka, kuramen yankin suna da harsunansu. A Kano akwai maganar hannu, wadda ake kuma kira maganar bebaye, har da sarautar Sarkin Bebaye. Masaniyar harshe Constanze Schmaling ta wallafa cikakken nazari a kanta a shekarar 2000. Kurame na koyon ta ne daga junansu a majalisu da kasuwanni, kuma masu ji da dama na iya ɗan taɓawa. Akwai harshen kuramen Bamako a Mali, akwai na ƙauyen Adamorobe a Ghana, akwai na yankin Marwa a arewa mai nisa ta Kamaru. Kowanne na da nahawunsa da kalmominsa. Babu wani harshen kurame guda na duniya baki ɗaya. Waɗanda aka sani sun haura 300.

Sakamakon haka shi ne rabuwar da duk ɗan Sahel ya sani tsakanin harshen makaranta da na gida ta sake bayyana a cikin kurame. Wanda ya yi boko yana amfani da alamomin makaranta, wanda bai yi ba yana amfani da na gari, kuma na biyun ake kallo a matsayin na jahilai. Wannan ba ya nufin a watsar da LSAF. Zuriya biyu ko uku sun tashi da shi, ya zama nasu, kuma yana haɗa kurame daga ƙasa zuwa ƙasa. Tambayar wane za a koyar da shi, da yadda za a shigar da alamomin gida cikin aji, ƙungiyoyin kurame ne suka fi cancantar amsa ta. Abin da ya rataya a wuyan hukuma shi ne ta ba su kujera a teburin tsara manhaja, ta kuma ɗauki nauyin tattara alamomin da rubuta ƙamus.

Gurbi a aji da samun ilimi

A Nijar, makarantun kurame da aka fi sani suna Yamai, Maraɗi da Damagaram, sai azuzuwa na musamman da aka buɗe cikin makarantun gama-gari a wasu garuruwa. Ƙasar kuwa jihohi takwas ce, faɗinta ya haura murabba'in kilomita miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Iyalin da ke ƙauye a jihar Diffa ko Agadez, kai yaro makarantar kurame na nufin tafiyar ɗaruruwan kilomita, da neman wanda zai riƙe shi a birni, da kuɗin ci da sutura. Idan yarinya ce, tsoron abin da zai iya samun ta a hannun baƙi, alhali ba ta da hanyar kai ƙara, yakan sa iyaye su bar ta a gida. Makarantar allo ma, wadda ke karɓar kusan kowane yaro a unguwa, an gina ta ne a kan sauraro da maimaitawa da murya, don haka kurma yakan rasa karatun addini kamar yadda ya rasa na boko.

Amsar da gwamnatoci da ƙungiyoyin agaji suka fi bayarwa a shekarun nan ita ce karatun haɗaka, wato a sa yara masu naƙasa a makarantar unguwarsu tare da sauran yara. Ga yaron da ke kan keken guragu, gangara a bakin aji da bayan gida mai faɗi na iya warware mafi yawan matsalar. Kurma kuwa matsalarsa ta harshe ce. Idan aka zaunar da shi shi kaɗai cikin yara sittin ko tamanin, gaban malamin da ke bayani ya juya wa aji baya yana rubutu a allo, sunansa zai shiga rajista, alƙaluman shiga makaranta za su ƙaru, shi kuma zai yi ta kwafar abin da bai gane ba.

Takardun da ake kafa hujja da su wajen karatun haɗaka sun hango wannan. Sanarwar Salamanca ta 1994 ta ce saboda buƙatar sadarwa ta musamman, mai yiwuwa ya fi dacewa a koyar da kurame a makarantu ko azuzuwa nasu. Sashe na 24 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa ya wajabta wa ƙasashe sauƙaƙa koyon harshen kurame, da koyar da yaran da harshen da ya fi dacewa da su, da ɗaukar malaman da suka ƙware a harshen, har da malamai masu naƙasa. Abin da ya faru a Nicaragua ya nuna amfanin tara yaran wuri guda: daga ƙarshen shekarun 1970, da aka haɗa kurame a makarantun Managua, su da kansu suka gina sabon harshe cikakke a filin wasa da cikin motar makaranta, alhali malamansu na ƙoƙarin koya musu magana da baki.

Akwai hanyar tsakiya da aka gwada a yankin. A Wagadugu, cibiyar CEFISE da aka kafa a 1988 na koyar da kurame da masu ji a wuri guda, kowa na koyon harshen hannu. Bambancinta da jefa yaro ɗaya cikin aji shi ne kurame suna da yawa, suna da abokan hira, kuma malamai sun iya harshen.

Inda tsarin ya fi karyewa shi ne bayan firamare. Yaron da ya gama CM2 a makarantar kurame yakan shiga kwalejin da kowane darasi ke da malaminsa, kuma da wuya a samu mai maganar hannu a cikinsu. Ba tafinta, ba littafin da aka tsara dominsa. Jarrabawar da ta ƙunshi shifta ko gwajin baki tana auna kunnensa ne kafin ta auna iliminsa. Da yawa a nan suke tsayawa, su koma ɗinki ko kafinta ko gyaran takalma. Sana'o'in ba abin rainawa ba ne, amma akwai bambanci tsakanin wanda ya zaɓe su da wanda aka rufe wa sauran ƙofofi.

Malamai: zagayen da ya ƙi ƙarewa

Wanda ya fi iya koya wa yaro kurma harshe shi ne babban kurma da ya tashi da harshen. Amma shiga makarantar horar da malamai na buƙatar takardar BEPC ko BAC, su ne kuma takardun da tsarin ke hana kurame samu. Saboda haka ake tura malamai masu ji, a ba su horon ƴan makonni, su shiga aji da kalmomi ɗari biyu ko uku. Da yawansu na magana da baki suna bin kowace kalmar Faransanci da alama, abin da ba Faransanci ba ne kuma ba harshen kurame ba, tunda shi nasa nahawun yana amfani da fuska da wuri da motsin jiki. Bayan malami ya fara gogewa kuma, sai canjin wurin aiki ya ɗauke shi, a kawo sabo. Kuramen da ke taimakawa a aji galibi ba su cikin jerin ma'aikatan gwamnati.

Maƙwabta masu amfani da Ingilishi sun ɗan yi gaba ta wannan fanni. Najeriya na da kwalejin tarayya ta horar da malaman ilimi na musamman a Oyo tun 1977, shekarar da aka buɗe makarantar Tudun Maliki a Kano, Ghana kuma na da sakandaren kurame a Mampong-Akuapem. Su ma suna fama da ƙarancin tafintoci, amma akwai hanyar da kurma zai bi har ya dawo aji a matsayin malami.

Doka da aiwatarwa

Ba alƙawari ne ya yi ƙaranci ba. Nijar ta amince da yarjejeniyar haƙƙin masu naƙasa tun 2008, Najeriya a 2010, Ghana a 2012, Chadi a 2019. Nijar ta yi dokar shigar da masu naƙasa cikin al'umma a Disamban 2019, Najeriya ta sa hannu a kan tata a Janairun shekarar. Yarjejeniyar Tarayyar Afirka kan masu naƙasa, wadda aka amince da ita a 2018, ta fara aiki a 2024. Tun 2018 kuma ake bikin ranar harsunan kurame ta duniya a kowace 23 ga Satumba, ƴan kwanaki kafin komawa makaranta a ƙasashen Sahel.

Wasu ƙasashen Afirka sun ƙara mataki. Uganda ta ambaci harshen kurame a kundin tsarin mulkinta na 1995, Kenya a na 2010, Zimbabwe a na 2013, Afirka ta Kudu kuma ta mayar da shi harshen hukuma na 12 a 2023. Amincewa a takarda ba ta gina aji, kuma a waɗannan ƙasashe ma kurame na ci gaba da kokawa. Amfaninta shi ne tana ba ma'aikatar ilimi madogara ta ware kasafi, ta buɗe sashen horar da tafintoci, ta ƙirƙiri guraben aiki, kuma tana bai wa iyaye abin da za su nuna idan an hana ɗansu haƙƙinsa.

Kasafin ƙasashen Sahel na cikin matsi, matsalar tsaro ta rufe dubban makarantu, kuma ba a sa ran a gina makarantar kurame a kowace gunduma nan kusa. Amma wasu matakan ba su da tsada sosai. Ana iya gwada jin duk yaron da ya tashi daga sankarau kafin a sallame shi daga asibiti, a haɗa iyayensa da ƙungiyar kurame mafi kusa. Ana iya tara kurame na gunduma a makaranta guda mai ɗakin kwana maimakon warwatsa su. Ana iya buɗe wa ƙwararrun kurame hanya ta musamman zuwa makarantar horar da malamai, a daina ɗauke malaman da suka iya harshen, a ware kwaleji ɗaya a kowace jiha mai tafintoci, a kuma gyara tsarin jarrabawa. Wayar salula ma ta sauƙaƙa wani ɓangare: kurame na hira ta bidiyo a WhatsApp, kuma ta nan darussan maganar hannu za su iya isa ga iyaye a ƙauye.

Yanzu da ake sake duba matsayin harsuna a dokoki da manhajojin karatu a Yamai, Bamako da Wagadugu, shigar da harshen kurame cikin aikin ya fi sauƙi fiye da dawowa a yi gyara bayan an kammala. Yaron da sankarau ya kurumtar a bana, nan da shekara biyar lokacin da ya fi dacewa ya kama harshe zai wuce, ko an yanke shawara ko ba a yanke ba.